Kwanukan Dubiya Sun Kusa Kwantar Da Ni

Da sunan Allah mai ba da lafiya, wanda ya bar ni a kan ƙafafuna har na zauna na rubuta wannan da hannuna. Wanda ya ga kuskuren rubutu ya yi haƙuri. Aji biyu na yi a firamare, na biyun ma rabinsa a bayan makaranta na yi shi ina harbin ƙadangaru. Sauran karatuna a jikin motocin tumatir na haɗa shi.

Sunana Iro, amma a ƙasar Kura in ka ce Iro ba wanda zai gane, sai ka ce Randa. Taubashina Sale ne ya laƙaba mini sunan, ni kuma na rama na sa masa Tulu, don shi ma ba baya ba ne wajen tumbi. Mu biyun dillalan tumatir ne a kasuwar bakin titin Zariya. Aikin dillali kuwa benci ne da baki. Manomi ya kawo kwando, ɗan Kudu ya kawo mota, kai kana tsakiya kana rantse-rantse. Da safe shayi mai kauri da ƙwai, da hantsi balangu, kuma ni da bakina nake ce wa mai nama ya zaɓo mini wajen kitsen. Da rana shinkafa da mai da yaji, da la'asar fura da nono, da dare tuwo yana iyo a man shanu. Gonata ta bakin kanal tuni na bar wa 'yan ƙwadago, don sunkuyawa ta gagare ni. Mutane suna cewa Allah ya yi wa Randa buɗi, ku dubi wuyansa. Ni kuma in ƙara gyara zama.

Abu ɗaya nake tsoro a duniya, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Yayana Hamza ɓarin jikinsa ya shanye, ya yi shekaru a kwance kafin Allah ya karɓi abinsa. Mutumin da ko ruwan alwala ba ya yarda a zuba masa, sai ga shi sai an juya shi, sai an ɗaga shi an kai bayan gida. Duk sanda na fito daga ɗakinsa sai in roƙi Allah kada ya kwantar da ni irin wannan kwanciya.

A shekarun da wayar salula ta fara shiga aljihun dillalai ne jikina ya fara yi mini magana. Ƙeyata ta yi nauyi. Daga gida zuwa masallaci sai na tsaya na dafa bango ina yi kamar ina gaisawa da mutane. Ana tsakiyar ciniki barci ya kwashe ni, in farka in tarar Tulu ya ƙwace mini ɗan Kuduna. Matata Hajara ta ce minsharina ya hana kaji kwana a akurki. Salla ma na koma yi a zaune. Duk wannan ban je asibiti ba, jiƙo nake sha, wai basir ne.

Ran wata kasuwa ina cikin rantse wa wani mai mota cewa tumatirin nan yau aka tsinke shi, sai harshena ya yi nauyi, hannun hagu ya mutu, na sulale daga benci. Wasu sun ce rantsuwar ce ta kama ni. Ɗan acaɓa ya dube ni ya dubi tayarsa ya ja babur ya yi gaba. A bayan motar ɗaukar tumatir aka kai ni asibitin garinmu, tsakanin kwanduna. Kafin mu isa harshen ya dawo, hannun ma ya motsa, amma suka ce lalle in wuce birni a auna jinina.

Asibitin birni kuwa, Allah ya saka wa ma'aikatansa, amma mai zuwa ya tafi da haƙuri a buhu. Layin kati daban, layin awo daban, layin ganin likita daban, kuma an ce kada in ci komai kafin a ɗebi jini. Ni da ban taɓa kai hantsi ba ci ba, sai ga ni har azahar ina kallon mai ƙosai ta taga. Kuɗin awon ya ci la'adar kwanduna masu yawa. Da na hau sikeli, ma'aikaciyar ta ce in sauka in sake hawa, ta zaci sikelin ne ya lalace.

Likitar yarinya ce, ba ta kai 'yata ta fari ba. Ta duba takarda ta ce, "Baba, jininka ya yi kitse. Kolestarol sunan abin. Daga ina kake?"

Na ce daga Kura.

"To ka san sayfon, bututun nan da kuke jan ruwa da shi daga kanal. In laka ta taru a cikinsa fa?"

"Ruwa ya tsaya, 'yata."

"Abin da ya faru a kanka ke nan ran kasuwa, sai Allah ya sa ya buɗe da kansa. Gargaɗi aka yi maka."

Ta ce ga hawan jini kuma, ta rubuta ƙwayoyi. Ta ce ƙwaya kaɗai ba za ta ɗauki wannan jiki ba, sai na haɗa da abu biyu. Na farko in riƙa barin cikina ya huta, in na iya azumi in yi, kuma in rabu da kitse. Na biyu in riƙa tafiya da sauri har magana ta gagare ni, sai in sassauta numfashi ya dawo, sai in sake, haka-haka. Na ce to. Bakin dillali ba ya wahalar cewa to.

Na dawo gida, labari ya bazu Randa ya faɗi. Nan jinyar ta fara, kuma nan ne nake so mai karatu ya buɗe kunne. Yayata Abu, wadda take aure a Bunkure, ta iso da tabarmarta da butarta ta kafa sansani a ƙofar ɗakina. Ita ce ta yi jinyar Hamza, don haka ba mai gaya mata yadda ake jinya. Sai 'yan dubiya suka ɓarke. Surukaina farfesun kayan ciki. Fulanin da ke kiwo bayan gonata kwalbar man shanu da ƙwaryar kindirmo. 'Yan kasuwa lemon kwalba da gwangwanayen madara, wai in ƙara jini. Tulu ya aiko da kan rago sukutum, da saƙon wai in ci in tashi don ba shi da abokin zagi. Kuma kun san halinmu, wanda ya kawo kwano ba ya tashi sai ya ga hannunka a ciki, kwano kuma in ya koma da abinci a ciki an yanke zumunci.

Hajara ta gwada. Ta ce, "Yaya, likita fa ta hana shi maiƙo."

Yaya Abu ta dube ta sama da ƙasa. "Likitar ce ta goya shi ko ni? So kike a ce ɗan'uwana ya kwanta a hannunki ya rame? Iro, buɗe baki."

Ni ma dai ban yi wata gardama ba. Makonni na yi a kwance ana ɗura mini abin da ya kayar da ni, ina lumshe ido ina cewa sannunku da ɗawainiya. Ban taɓa jin daɗin ciwo irin wannan ba.

Da na koma asibiti sikeli ya wuce inda ya tsaya da farko. Likita ta cire tabarau ta ajiye.

"Baba, jinya ka yi ko biki?"

Na fara kawo mata labarin zumunci. Ta katse ni. "Ba zan yi maka faɗa ba, ka haife ni. Amma in ka ci gaba a haka, zuwanka na gaba ba da ƙafarka za ka shigo ba."

A hanyar fita na bi ta gefen ɗakin masu kwanciya, na hango ana juya wani dattijo, yana kallon bango don kunya. Ƙosan da na saya a bakin ƙofa ban iya ci ba, na ba kwandastan motarmu.

A cikin motar nan dabara ta zo mini. Bahaushe zai yi gardama da likita, amma ba zai yi gardama da mai azumi ba. Na ɗauki Litinin da Alhamis. Mai kwano ya shigo, in sunkuyar da kai in ce, "Wayyo, ina azumi." Sai ya ce, "Allah ya karɓa. A ajiye masa zuwa buɗa-baki." To fa. Ana kiran magariba sai in ga kwanuka sun jeru kamar ranar suna, ni kuma da yunwar yini guda. Abin da a da nake ci a zama uku sai na koma cinye shi a zama ɗaya. Wata ya shuɗe, tumbi yana nan yana yi mini dariya.

Hajara ce ta ceci lamarin, Allah ya yi mata albarka. Da Yaya Abu ta koma Bunkure, ta zo ta tsaya a kaina.

"Malam, ni na ga irin wahalar da matar Yaya Hamza ta sha. Shi ana iya ɗaga shi. Kai wa zai ɗaga ka? Ni?"

Daga ranar ita ke karɓar kwano a zaure. Ta bi ta ƙofar baya ta rabar wa maƙwabta, ta wanke kwanon ta mayar da godiya. Buɗa-bakina ya koma dabino da ruwa, sai malmalar tuwo ɗaya da miyar zogale ba mai, wani lokaci ɗan kifi. Na yi fushi, na yi barazana, na yi magiya. Ko gezau.

'Yan dubiya ba wawaye ba ne, suka koma zuwa Talata da Laraba. Sai na koma yau a yi gobe a sha, yadda ba mai iya riƙe lissafina. Ranar da ba na azumi in baƙo ya shigo, ba na cewa ina yi, ba na cewa ba na yi. Carbi nake ja ina lasar leɓe, shi ya yanke hukunci da kansa. Kafin ka ce me, gari ya ɗauka Randa ya zama mutumin Allah. Har wata mata ta kawo mini jaririnta in tofa masa addu'a. Abin ya ɗan tsorata ni, na je na sami limaminmu.

"Allah gafarta Malam, azumin da aka yi don tumbi yana da lada?"

Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. "Iro, gyara niyyarka ka yi don Allah. Tumbin zai biyo baya."

Saura tafiyar sauri. Na gwada ta a cikin gari bayan sallar asuba. Na tattare riga na saɓa, na miƙe layinmu ina haki. Ban kai kwanar layin ba mai shayi ya bar tukunyarsa ya biyo ni.

"Baba Randa, lafiya? Wa ya rasu?"

Ba numfashin amsawa, na ɗaga masa hannu. Ya ɗauka abin ya fi ƙarfin magana, ya ƙwala salati. Kafin in kai bakin masallacin Juma'a mutane sun cika bayana, wani da bokitin ruwa wai gobara ce, wani da gora wai ɓarawo. Na tsaya, suka tsaya. Numfashi ya dawo, na tuna likita ta ce in sake, na sake zabura, suka sake biyo ni. Ranar na gane dattijo mai gemu ba ya sauri a gari sai da dalili.

Amma akwai inda ba a tambayar mutum dalilin sauri, wato gona ranar ban-ruwa. Na karɓi gefe ɗaya na gonata na ce ni zan riƙa shayar da shi. Ga wanda bai sani ba, an yanka gonar fangali-fangali, kowanne da ɗan bangon ƙasa. Ka buɗe wa ɗaya ruwa, ka tsaya ya cika. Yana cika sai ka ruga ka toshe da fartanya ka buɗe na gaba, in ka yi nawa bango ya ɓalle ruwa ya tafi gonar maƙwabci. Sai ka sake tsayawa. Can ka hango wani wuri ya ɓalle, ka sake rugawa. Na yi rabin safiya ina wannan sai na tsaya na yi dariya ni kaɗai. Ashe abin da yarinyar nan ta rubuta mini shi ubana ya yi har ya tsufa, kuma bai taɓa ajiye tumbi ba. Makon farko gwiwoyina kamar an zuba tsakuwa, Hajara tana gasa mini da ruwan zafi tana mita. Daga baya suka saba.

Da na ga abin yana ci, sai zalama ta dillali ta motsa. Na ce bari in haɗa biyun rana ɗaya in ci riba biyu. Na tashi da azumi, na tafi ban-ruwa, ga zafin bazara. Wajen azahar na ga albasa tana juyawa, na ga sama ta dawo ƙasa. Sai farkawa na yi a cikin ƙaramin kanal, ruwa iya wuya, manoma suna ja na. Kuma cikin duk mutanen duniya wa zai wuce a kan babur sai Tulu.

"Jama'a ku taya ni gani! Randa ta faɗa kanal ba ta fashe ba!"

Na ce, "Sauko ka ja ni, bawan gidanmu, in ka isa ka sunkuya."

Bai iya ba kuwa. Likita da ta ji labari ta riƙe kai. Ta ce ranar azumi ba aikin rana, ranar ban-ruwa kuma in ci in sha ruwa sosai. Ta ƙara da cewa ni ta auna ni ba ni da ciwon suga, mai shi kada ya kwaikwaye ni sai ya ga likita. Na isar da saƙo.

Sannu a hankali riguna suka fara yi mini yawa. Mazagin wandona sai da Hajara ta rage shi. Wuyan nan da ake yabo ya zube ya bar fata tana lilo. Na koma salla a tsaye, ranar da goshina ya taɓa ƙasa ba tare da na yi nishi ba na daɗe ban ɗago ba. Ina murna, ashe gari ya juya zance. A lokacin nan duk babban mutumin da ya rame farat ɗaya, abu ɗaya ake kawowa a rai, ƙanjamau. Ga ni dillali mai hulɗa da direbobi. Na miƙa hannu a majalisa sai in ga an ba ni yatsu biyu. Mai aski ya fara cewa askarsa ba kaifi.

Yaya Abu ta diro daga Bunkure da langa cike da farfesun bindi, tana hawaye tun daga zaure.

"Iro, ka rufa mana asiri. A gidan biki ana nuna ni da baki. Ka ci ka mayar da jikinka mutane su yi shiru. Don darajar iyayenmu ka ci."

Wannan ita ce rana mafi wuya a duk jinyar. Yayata ce, ita ta goya ni, ga ƙamshi yana shiga har ƙwaƙwalwa, ga zancen gari ya ishe ni ni ma. Na ɗauki cokali. Hajara tana tsaye a bakin ƙofa. Na ajiye cokalin.

"Yaya, gobe ranar komawata asibiti ce. Ki raka ni. In likita ta ce in ci, a gabanki zan cinye har ƙashi."

Ta bi ni, ta sha layi tana tsinewa bencin asibiti. Na ce wa likita a yi mini har awon wancan ciwon, a faɗa a gaban yayata. Aka yi, ba ni da shi. Sannan ta duba ɗaya takardar, ta dube ni, ta yi murmushi.

"Baba, kitsen ya sauka sosai. Hawan jinin ma ya kwanta. In ka riƙe haka, kuma ba ka bar ƙwayarka ba, ina sa ran ba za mu kwantar da kai a nan ba."

Yaya Abu ta ce, "Amma 'yar nan, dubi yadda ya zube. Mara lafiya ba sai da maiƙo ba?"

"Hajiya, wani ciwon haka ne. Nasa kuwa maiƙon ne ciwon."

Yaya ta ce a hankali, "Hamza ma haka na yi ta ba shi."

Likita ta kama hannunta ta ce abin da ta sani ta yi, kuma kwana na Allah ne. Muka kamo hanya a mota ni da Yaya har muka wuce gadar kanal. Sai ta ce, "Bindin nan a ba maƙwabta." Kafin mako ya zagayo ta bi gidajen biki da suna ta wanke ni tas, don bakin Yaya Abu ya fi rediyo nisa.

Masu tumbi suna tare ni suna tambaya, tsakanin azumin da gudun wanne ya fi. Ni ba likita ba ne. Abin da na gani a jikina, azumin ne ya rage nauyi, amma sai da aka tsare buɗa-baki. Ban-ruwan kuma shi ya dawo mini da numfashi da ƙafa. Wanne ya wanke jinin, na tambayi likita ta ce ba ta raba musu gado ba, in riƙe duka. Kuma ba don in yabi kaina ba, yau in na ɗauki fartanya samari sai su yi da gaske.

Damina biyu bayan haka Tulu ya faɗi a kan bencin da na faɗi. Allah ya taimake shi shi ma ya tashi, aka ce kitse ne. Ranar da aka dawo da shi gida na ɗauko tabarmata na shimfiɗa a zaurensa. Duk mai kwano sai ya bi ta kaina. An kira ni mugu, an ce baƙin ciki nake yi da taubashina, wata gwaggonsa ta ce Allah ya isa. Na ce na ji, a dai juya da kwanon. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba masu jinya haƙuri, ya kuma ba su ƙarfin zuciyar cewa a'a.

Daga cikin ɗaki ina jin muryarsa. "Randa! Wa ya zo?"

"Surukarka ce, da farfesun kan sa."

"Don Allah ko romon ne."

"Gobe Alhamis, Tulu. Ka kwana da niyya."

"Azzalumi! To me kake yi da murfin, na ji ƙararsa?"

Na ja numfashi mai tsawo a kan langar, na mayar da murfi na miƙa wa mai ita.

"Dubawa nake yi ko gishiri ya ji. Shaƙa dai likita ba ta hana ba."